Yadda Aka Kashe Ƙwayar Leftosifira Shi Ke Nuna Ko Allurar Rigakafinta Za Ta Yi Aiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana kan allurar rigakafin cutar leftosifirosis ta dabbobi. Maganar ta shafi masu kiwo da likitocin dabbobi, ta shafi ɗaliban da ke haɗa rigakafin gwaji a jami'o'inmu, ta kuma shafi hukumomin da ke sa hannu kafin magani ya shigo ƙasa. Mai saye yakan duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwalba, wani lokaci ya duba sunan ƙasar da aka yi ta, daga nan ya biya kuɗi. Da wuya ka ji an tambayi da me aka kashe ƙwayar da ke cikin kwalbar, ko wane hali kisan ya bar ta a ciki. Mu kuwa a ganinmu a nan ne allura take zama magani ko ta zama ruwa. Kashe wannan ƙwaya ba shi da wuya, don ko sabulu da zafin rana suna kashe ta. Aikin gaske shi ne a kashe ta sarai, amma a bar alamun jikinta yadda garkuwar dabba za ta gane su ranar da mai rai ta shigo.

Ƙwayar siririya ce, murɗaɗɗiya, faɗinta kusan maikiron 0.1 (maikiron ɗaya cikin dubu ne na milimita), tsawonta maikiron 6 zuwa 20. Tana zama a ƙodar ɓera da gafiya da shanu da aladu da karnuka, ta fito da fitsari, ta rayu makonni a ruwan kududdufi da taɓon fadama. A garken shanu alamarta ɓari ne a watannin ƙarshe na ciki, ko haihuwar maraƙi maras ƙarfi, ko nono ya ƙafe farat ɗaya, hantsa ta saki babu kumburi babu zafi, ɗan nonon da ya rage ya yi rawaya da kauri. A kare kuwa ƙoda da hanta take ci, har shawara ta bayyana a ido da dasashi. Mutane ma tana kama su, musamman mahauta da masu tatsa da masu aiki cikin ruwa. Wani ƙiyasi da aka fitar a 2015 ya nuna mutum kusan miliyan 1 ke kamuwa a duniya kowace shekara, kusan 59,000 su rasu. Kuma ba baƙuwa ba ce a wajenmu. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike sun ware ta daga shanu a Jihar Filato, har suka sami wani sabon nau'i cikin rukunin Pyrogenes aka sa masa suna Nigeria. A Yamai kuma an same ta a ƙodar ɓerayen lambunan da ke bakin Kogin Kwara.

Tun 1916, lokacin da likitocin Japan suka fara gwada allura da matacciyar ƙwaya, tsarin bai canja sosai ba: a shuka ƙwayar, a kashe ta, a zuba a kwalba. Abin da jikin dabba ke gani iri biyu ne. Na farko shi ne LPS, wani sinadari na sukari da maiƙo da ya lulluɓe fatar ƙwayar ta waje. Shi ne ya raba ƙwayar zuwa nau'o'i sama da 250 masu sa cuta, irin su Hardjo da Pomona da Canicola da Icterohaemorrhagiae da Grippotyphosa. Antibodi, wato makamin da garkuwar jiki ke ƙerawa ya kama baƙuwar ƙwaya, in an yi shi wa LPS ɗin Canicola ba ya kama na Hardjo. Na biyu su ne furotin da ke dashe a fatar ko a ƙarƙashinta, kamar LipL32 da LipL41 da OmpL1 da Loa22 da LigA da LigB. Waɗannan suna kama da juna tsakanin nau'o'i, shi ya sa masu neman rigakafi guda da zai rufe nau'i da yawa suka sa musu ido. LPS mai juriya ne, ko an tafasa shi siffar sukarinsa tana nan. Furotin kuwa naɗewarsa ita ce siffarsa, da zarar ya warware ko an ɗaure shi da maƙwabcinsa, antibodin da aka yi masa zai iya kasa gane na ainihi. Duk hanyar kisa da wannan ma'auni ya kamata a auna ta: me ta yi wa LPS, me ta yi wa furotin, kuma fatar tana nan manne da ƙwayar ko ta zube.

Wannan tambaya ta ƙarshe ana yawan mantawa da ita. Fatar leftosifira ta waje sako-sako take, ba ta riƙe jiki da ƙarfi. Gishiri mai yawa yana ɗaga ta, ɗan sabulun gwaji yana narkar da ita, juyi mai ƙarfi a sentirifuj (injin da ke juya ruwa da gudu don ƙwayoyi su kwanta a gindi) da yawan zuƙa da fesarwa da bututu suna yage ta. Wanda ya wanke ƙwayoyinsa sau uku da gudu mai tsanani, yana zubar da ruwan sama kowane karo, zai iya ƙirga ƙwayoyi cif-cif a madubin ɗakin gwaji, alhali wani kaso na antijin, wato alamun da garkuwar jiki ke ganewa, ya bi magudana. Ƙirgen jiki daban, yawan antijin daban. Akwai kuma asarar da ke faruwa tun kafin a zo kisa. Ana shuka ƙwayar a ruwan shuka da ake kira EMJH a zafin digiri 28 zuwa 30, a girbe ta bayan kamar kwana 7 zuwa 10, lokacin da ta kai miliyan 200 zuwa biliyan 1 a kowace mililita. A wannan yanayi ƙwayar tana ɗaukar kanta a kududdufi take, don haka ba ta fitar da LigA da LigB sosai. Sai an ƙara gishiri ya kai na jinin dabba take ƙara fitar da su, kuma ƙwayar da aka daɗe ana sake shukawa daga kwalba zuwa kwalba takan daina yin su. Abin da babu shi a fatar ranar girbi, babu hanyar kisan da za ta adana shi.

Fomalin shi ne wanda aka fi amfani da shi, kuma a kansa za mu daɗe. Aikinsa shi ne ya kama rukunin amino da ke jikin furotin, musamman a kan laisin, ya ƙulla gada tsakanin furotin da furotin, da tsakanin furotin da DNA. Abin da bagaruwa ke yi wa fata a hannun majemi ke nan: ba za ta ruɓe ba, siffarta za ta tsaya, amma ta daina zama fatar da ke jikin akuya. Amfaninsa a fili yake. Yana kafe fatar waje a wurinta, murɗin ƙwayar ya kasance yadda yake in an duba a madubi, kuma sukarin LPS ba shi da yawan wuraren da fomalin zai kama, don haka alamar nau'i takan tsira. Illarsa tana kan furotin. Gada kaɗan tana riƙe siffa, gada mai yawa tana rufe wuraren da antibodi zai kama, tana kuma sa ƙwayoyin garkuwa su sha wuyar yayyanka furotin ɗin don su nuna shi ga ƙwayoyin T, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta. Shaidar cewa fomalin yana taɓa antijin tana cikin gwajin MAT da ake yi wa jini don auna yawan antibodi: in aka yi shi da ƙwayar da fomalin ya kashe maimakon mai rai, adadin da ake samu yakan yi ƙasa, kuma ruɗani tsakanin nau'o'i yakan ƙaru.

Kuskure na farko a wajen fomalin na lissafi ne. Abin da ke cikin kwalbar kanti ruwa ne mai ɗauke da fomaldihaid kashi 37 zuwa 40 cikin 100, tare da ɗan metanol don kada ya daskare. In takarda ta ce kashi 0.5 na fomalin, mililita 5 ke nan a lita guda, wato kusan giram 1.85 na fomaldihaid. Wanda ya fahimce shi a matsayin kashi 0.5 na fomaldihaid zai zuba kusan ninki uku. Dokokin magunguna na Turai sun iyakance fomaldihaid ɗin da ya rage a rigakafin dabbobi zuwa giram 0.5 a lita, sai in an tabbatar da cewa fiye da haka ba ya cutarwa. Na Amurka sun tsaya a 0.74 ga irin wannan allura. Ke nan bayan kisa dole a cire ragowar, ko ta wanki a hankali, ko da sodiyom baisalfait gwargwadon abin da aka auna ya rage. In an bar shi, ba zafin allura da kumburi kaɗai zai jawo ba. Zai ci gaba da ƙulla gada a cikin kwalba wata da watanni, allurar da ta ci gwaji a masana'anta ta iso ruga da rauni tun ranar ƙarewarta ba ta zo ba.

Kuskure na biyu shi ne mantawa da abin da ke cikin ruwan shukar. EMJH na gargajiya yana ɗauke da albumin, wani furotin na jinin saniya, kusan giram 10 a lita. Wannan albumin yana shanye fomalin, sai adadin da ya ishi ƙwayar da aka wanke ya kasa isar wadda ke cikin ruwanta. Sannan fomalin yana liƙa albumin ɗin a jikin ƙwayar yadda wanki ba zai cire shi ba, kuma ragowar furotin na jini yana cikin abubuwan da ake zargi da sa wasu karnuka, musamman ƙanana, kumburin fuska da amai jim kaɗan bayan allura. Don haka masana'antun kirki suka koma ruwan shuka maras furotin ko mai ƙarancinsa, ko su tace su rage shi. Cikin ruwan da ake daidaita tsami da su, Tris ma yana shanye fomalin, don haka fosfet ya fi dacewa, a riƙe pH, wato ma'aunin tsami, a 7.2 zuwa 7.4. Tsohon fomalin da ya daɗe a kanta yakan yi tsami saboda ya fara juyewa zuwa asid, wanda ya sha sanyi kuma za ka ga farin gari ya kwanta a gindin kwalba. Dukansu biyu ƙarfinsu ba shi ne wanda aka rubuta a jiki ba, kuma leftosifira ba ta jure tsami, takan fashe kafin fomalin ya kafe ta.

Zafi shi ne hanyar da ɗalibai suka fi so saboda ba ta da tsada kuma ba ta barin ragowar sinadari. Yawanci digiri 56 ne na minti 30. LPS yana tsira, shi ya sa allurar da aka kashe da zafi takan kare hamsta, wata ƙaramar dabbar gwaji dangin ɓera, daga mutuwa in an jarraba ta da nau'inta. Amma furotin yana warwarewa, fatar waje tana tsattsagewa, ƙwayoyi suna curewa, kuma wani ɓangare na LPS yana komawa cikin ruwa. In aka juya a sentirifuj bayan dumamawa aka zubar da ruwan sama, an zubar da abin da aka zo nema. Don a ga iyakar abin da zafi ke yi, a tuna yadda ake haɗa antijin na gwajin jinin mutane da ake kira ELISA: ana kashe ƙwayar, a tafasa ta minti 30, a juya, sannan ruwan saman ne ake ɗauka, kuma abin da ake samu yana amsa wa nau'o'i barkatai. Wannan ya dace da gwajin jini, amma yana nuna antijin ya bar jikin ƙwayar kuma ya sauya. Sai maganar lokaci. Minti 30 ɗin daga sa'ar da tsakiyar ruwan ya kai 56 ake ƙirgawa, ba daga sa'ar da aka tsoma kwalba ba. Bututu mai mililita 10 zai kai cikin 'yan mintuna, kwalba mai lita 5 kuwa gefenta zai dahu tsakiyarta na nan da sanyi. Dole a sa ma'aunin zafi a wata kwalba mai girma ɗaya mai ɗauke da ruwa daidai wa daida, a riƙa motsawa.

Tayomasal, wanda wasu ke kira matiyolet, sinadari ne mai ɗauke da makuri, kusan rabin nauyinsa. Yana kama rukunin salfa a jikin enzayim ya tsayar da aikin ƙwayar, ba ya ƙulla gada, don haka yana barin fuskar antijin kusa da yadda take. Ana sa shi kashi 0.01 cikin 100, wato ɗaya cikin 10,000, kuma shi ne ke hana kwalba mai allurai da yawa lalacewa bayan an huda ta. Rauninsa biyu ne. Ba ya kafe fatar, don haka ƙwayar na iya narkewa a hankali cikin ajiya. Kuma yana iya hana girma ba tare da ya gama kisa ba, sannan ya bi samfurin zuwa cikin ruwan gwaji ya ci gaba da hanawa, mai gwaji ya ga ba abin da ya tsiro ya rubuta cewa komai ya mutu. Fenol kuwa, a kashi 0.5, yana kashewa da sauri amma yana daskarar da furotin yana kuma ɓata fata. Fenol mai zafi shi ne ma abin da ake amfani da shi a ɓanɓare LPS daga jikin bakteriya. Ba ma ba da shawararsa ga wanda ya damu da furotin.

Akwai sinadarai biyu da suka fi auka wa DNA su bar furotin da sauƙi. BPL, wanda aka san shi a allurar haukan kare, ana zuba shi a sanyin digiri 4, bayan ya gama aiki a dumama zuwa 37 na kamar awa 2 ya rushe da kansa. Rushewar tana fitar da asid, don haka in ba a tsare pH ba tsamin zai ɓata abin da ake son adanawa, kuma shi kansa yana taɓa wasu sassan furotin kamar sistin da histidin. BEI, wanda masu yin allurar boru suka daɗe da sani, ana haɗa shi sabo daga bromo'etilamin cikin ruwan soda a digiri 37, a kashe ragowarsa da sodiyom tayosalfet. Dukansu suna iya jawo ciwon daji ga ma'aikaci, ba a buɗe su sai a akwatin da ke zuƙe iska, da safar hannu da ta dace. Hasken gama ma yana kakkarya DNA, kuma in an haska samfurin yana daskare ɓarnar da ke kan furotin takan ragu, sai dai kayan aikinsa ba a kowane gari suke ba.

Ko wace hanya aka bi, sai an tabbatar da mutuwa, kuma a nan muke ganin sakaci mafi haɗari. Daina motsi a ƙarƙashin madubi mai duhun fili ba shaidar mutuwa ba ne. Tacewa ma ba ta isa ba, don siririn jikin leftosifira yana ratsa matacin maikiron 0.22 da ke tare sauran bakteriya. Tsarin da ya dace shi ne a ɗebi samfuri a lokuta daban-daban tun daga zuba sinadarin, a kashe ƙarfin sinadarin ko a wanke shi, a shuka a sabon EMJH, a gano sa'ar da ƙwaya ta ƙarshe ta mutu. Dokar Turai ta ce wannan sa'a kada ta wuce kashi 67 cikin 100 na tsawon lokacin da aka tsayar, wato in kisa ya kammala a awa 16, sai a bar shi awa 24. Bayan an gauraya sinadarin a juye komai zuwa wata tukunya ta biyu mai tsabta, saboda ɗigon da ya maƙale a murfi ko a bakin bututu bai taɓa haɗuwa da maganin ba, kuma zai iya gangarowa daga baya da ƙwayarsa mai rai. Gwajin ƙarshe a ajiye shi kwana 14 a digiri 30, a sake shukawa, a ƙara wasu 14, tare da bututu guda da aka sa wa 'yar ƙwaya mai rai da gangan don a tabbatar ruwan gwajin yana iya tsirar da ita. Hardjo ta fi sauran jinkirin girma, ita sai an ƙara haƙuri. Saniyar da aka yi wa allura da ragowar Hardjo mai rai za ta iya zama mai zubar da cutar a fitsari wata da watanni, mai tatsarta yana durƙushe a ƙarƙashinta kullum safiya.

Bayan mutuwa sai a tambayi antijin. Tsohon gwaji na hamsta ne. A tsarin Turai na allurar kare, ana yi wa hamsta 5 kashi ɗaya cikin 40 na allurar, a bar wasu 5 babu, bayan kwana 15 zuwa 20 a sa musu ƙwaya mai rai. Dole aƙalla 4 cikin waɗanda ba a yi wa ba su mutu, aƙalla 4 cikin waɗanda aka yi wa su rayu. Gwajin yana cin dabbobi, yana jefa ma'aikata cikin haɗari, shi ya sa cibiyar kula da rigakafin dabbobi ta Amurka da ke Ames ta samar da gwajin ELISA ga Pomona da Canicola da Icterohaemorrhagiae da Grippotyphosa. Ci gaba ne, amma a san iyakarsa. Antibodin da ake amfani da shi LPS yake kamawa, kuma LPS shi ne abin da kusan kowace hanyar kisa ke bari. Kwalbar da furotin ɗinta ya dagargaje za ta iya cin wannan gwaji. Haka kuma sinadarin alminiyom da ake haɗawa don ƙara wa allura ƙarfi yana riƙe antijin, sai an saki antijin ɗin daga jikinsa kafin awo ya yi daidai. Hamsta ma rayuwa da mutuwa take nunawa. Ba ta gaya maka ko ƙoda ta tsira sai ka yanka ta ka shuka ƙodar, kuma ga lafiyar garke da ta mutane ƙodar ce babbar magana.

Shanu da Hardjo su ne suka fito da wannan fili. A 1989 masu bincike a Ames sun nuna cewa allurar nan mai nau'i biyar da aka saba yi a Amurka ba ta hana Hardjo-bovis, wato wani irin Hardjo, zama a ƙodar saniya ba, ko da jinin saniyar yana ɗauke da antibodin LPS. Wajen 2001 aka nuna wata allura mai nau'i guda, wadda aka yi da Hardjo-bovis kanta, tana hanawa, kuma kariyar tana tafiya tare da tashin ƙwayoyin T masu fitar da intaferon gama, wani sinadarin da ke zaburar da garkuwar jiki, har da wani jinsinsu da ya yawaita a jinin shanu. Ƙwayoyin T irin CD4 gutsattsarin furotin ake nuna musu. Ke nan a allurar shanu, hanyar da ta dafa furotin ko ta ɗaure shi tamau ta taɓa ainihin abin da ake buƙata, kuma adadin MAT mai kyau bayan allura ba zai fallasa hakan ba. Wani bincike a Faransa a 2000 ya raba ƙwayar gida biyu ya jarraba a ƙananan dabbobin gwaji: ɓangaren LPS ya kare daga nau'insa kaɗai, ɓangaren furotin ya ba da kariya har ga wani nau'in. A 2011 da 2021 an jarraba ƙwayoyi masu rai da aka raunana, suka kare hamsta daga mutuwa da nau'o'in da ba nasu ba, abin da waɗanda aka kashe da zafi ba su kai ba. Gaskiya ne wani ɓangare na wannan bambanci ya zo ne daga cewa mai rai tana fitar da sababbin furotin a cikin jiki, amma hakan ma yana nuna yawan abin da matacciyar allura ke rasawa.

Tun da kariyar allurar da ke kasuwa yau ta rataya ne a kan LPS, sunan nau'in da ke jikin kwalba ba ado ba ne. Yawancin abin da ke shigo mana na karnuka ne, a haɗe da sauran alluran kare, kuma da yawansu Canicola da Icterohaemorrhagiae kawai ke ciki. Na Amurka masu nau'i huɗu sun ƙara Pomona da Grippotyphosa, na Turai sun ƙara Australis da Grippotyphosa, kowa bisa abin da ya samu a ƙasarsa. Babu wanda ya sa nau'in da aka ware a Filato. Gonakin madara da ke shigo da allurar shanu su duba su ga ko Hardjo na ciki, kuma wace iri.

Lalacewar antijin ba ta ƙare a masana'anta. Wannan allura digiri 2 zuwa 8 take so, kuma daskarewa ta fi ɗan ɗumi ɓata ta. In ta daskare, alminiyom ɗin yana curewa, ƙanƙara tana yage fatar ƙwayar, ko ta narke ba ta komawa. Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, mutane sukan tura kwalba cikin firiza ko su jingina ta da bulon ƙanƙara a kula don tsoron zafi, su kashe ta da hannunsu. A naɗe ƙanƙarar da kwali, ko a bari ta fara zufa kafin a jera kwalabe. In ana shakka, a daskarar da kwalba guda ta wannan rukuni da gangan, a narkar da ita, a girgiza ta tare da wadda ake zargi, a ajiye su gefe da gefe a gaban haske. In wadda ake zargi ta kwanta da sauri da gudaji-gudaji kamar ta farko, ta lalace. Kada a tsabtace sirinji da sinadari a bar ragowarsa a ciki, kada a haɗa ta da wani magani a sirinji guda. Allura biyu ake yi, tsakaninsu mako 3 zuwa 4 ga kare, mako 4 zuwa 6 ga shanu, sannan a sabunta kowace shekara, ya fi kyau a kammala kafin damina ta sauka. Ba ta wanke ƙodar da ta riga ta kamu, don haka 'yan maruƙa da karsana a yi musu tun da wuri kafin su shiga cikin manya.

Roƙonmu ga NAFDAC da takwarorinta na Nijar da sauran maƙwabta shi ne, duk mai neman rajistar wannan allura a nemi ya kawo sunan sinadarin da ya yi kisa da shi, da adadinsa, da zafin da tsawon lokacin, da sakamakon gwajin mutuwa, da yawan ragowar fomaldihaid da albumin, da gwajin ƙarfi a farkon ajiya da ƙarshenta. Ga ta shanu a nemi shaidar cewa ta hana ƙwayar zama a ƙoda da fita a fitsari, a jikin shanu aka gwada. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ɗakin gwajin dabbobi na LABOCEL a Yamai da tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri muna roƙon a ba su kuɗin ware ƙwayoyin gida daga ƙodojin mayanka a adana su, kuma inda ake buƙatar gwaji mai zaman kansa akwai cibiyar PANVAC ta Tarayyar Afirka a Bishoftu ta ƙasar Habasha. Malaman da ke duba ayyukan ɗalibai kuma su sa a raba shuka guda kashi uku, a kashe ɗaya da fomalin, ɗaya da zafi, ɗaya da tayomasal, a auna LPS da furotin a cikin ƙwayar da kuma cikin ruwan sama kafin kisa da bayansa, a ajiye wani kaso a firiji a sake aunawa bayan wata 3 da wata 6.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Daga wasu likitocin dabbobi da ma'aikatan ɗakin gwaji,
Zariya, Jihar Kaduna.